Auren 'yar wata ƙasa: takardun da ke tsakanin Bangkok da Tsarnawa

A Tsarnawa, inda hanyar Tahoua ke rabuwa da babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi, auren 'yar wata ƙasa tsohon abu ne. Iyakar Najeriya na nan bayan Birnin Ƙonni kaɗan, kuma gidaje da dama na da suruka ko jika a Illelar jihar Sakkwato, wadda bai kamata a haɗa ta da Illelar Nijar da ke arewa ba. A kan ɗaura aure a ƙofar gida, a raba goro, mota ta kawo amarya, ba wanda ya tambayi fasfo.

Watan Janairun 2025 ya sauya wannan lissafi sau biyu. Ranar 13 ga watan, Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan doka mai lamba 2025-02 da ta shafi shigowa da zaman baƙi a Nijar, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1981. Ranar 29 ga watan kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ƙungiyar CEDEAO ta tabbata. Tun daga nan, duk magidancin da ke da baƙuwa a ɗakinsa yana da tambayar da zai yi wa kansa: a idon doka, da wane matsayi matar nan take zaune?

Don a ga matakan ɗaya bayan ɗaya, ya fi sauƙi a ɗauki misalin da babu wata yarjejeniya da ke gajarta masa hanya, wato 'yar ƙasar Tailan. Yawancin mutanen yankin a buhun shinkafa suka san sunan ƙasar. Amma 'yan kasuwar Afirka ta Yamma sun daɗe suna sarin tufafi a unguwar Pratunam ta Bangkok, ana haɗuwa da Musulmin Tailan a aikin hajji da jami'o'in ƙasashen Larabawa, ga kuma Facebook da WhatsApp da suka rage nisan duniya. Ba kasafai irin wannan aure ke faruwa ba. Idan ya faru, duk abin da ake kawar da kai a kansa a auren 'yar Illela sai ya fito fili.

Bizar ziyara

'Yar Tailan ba ta shiga Nijar sai da biza, tare da katin rigakafin zazzaɓin shawara. Matsalar farko ita ce inda za ta nema. Nijar ba ta da ofishin jakadanci a Bangkok. A nahiyar Asiya akwai na Beijing da na New Delhi. Ita ma Tailan ba ta da ofishi a Yamai, a Afirka ta Yamma ofisoshinta na Dakar da Abuja ne. Ke nan tun kafin a yi maganar sadaki, takardu sun fara tafiya tsakanin ƙasashe uku ko huɗu. Jirgi ma babu kai tsaye, sai ta Addis Ababa ko Istanbul.

Bizar da za a buga mata ta ziyara ce, mai wa'adi. Alkawarin aure bai ƙara mata ko kwana ɗaya ba, kuma ɗaurin auren kansa ba ya sauya ranar da aka rubuta a fasfo. A nan ne mutane da dama ke yin kuskure, domin a tunanin gida, mace in ta shiga ɗakin mijinta ta zama 'yar gida. Jami'in 'yan sanda da ke shingen bincike kuwa kwanan wata yake dubawa.

Akwai kuma batun hanya. Daga filin jirgin Diori Hamani zuwa Tsarnawa sama da kilomita 400 ne, ta Dosso da Dogon Dutsi, kuma gargaɗin tafiye-tafiye na ƙasashe irin su Amurka na nuna cewa hukumomin Nijar na neman rakiyar jami'an tsaro ga baƙin da za su fita daga Yamai. Wanda zai ɗauko baƙuwa daga Asiya zuwa jahar Tahoua gara ya fara bi ta wurin hukuma kafin ya yanki tikitin mota.

Nauyin mai masauki

Sashen dokar 2025 da ya fi shafar dangin ango shi ne wanda ya ɗora wa mai masauki nauyi. Duk wanda ya saukar da baƙo ɗan wata ƙasa, ko da kyauta ne, wajibi ne ya sanar da 'yan sanda. Dokar ta tanadi ɗaurin shekara 2 zuwa 5 da tarar sefa miliyan 5 zuwa miliyan 50 ga baƙon da aka kora ya ƙi fita ko ya sake shigowa, sannan ta shimfiɗa wannan hukunci kan duk wanda ya sauƙaƙa wa baƙo shigowa ko zirga-zirga ko zama ba bisa ƙa'ida ba, har da yiwuwar ƙwace abin hawan da aka yi amfani da shi.

A ƙasar da karɓar baƙo ke cikin mutuncin gida, wannan sashe na da nauyi. Idan bizar amarya ta ƙare aka yi shiru, ita tana fuskantar kora, mijin da uban gidan da ta sauka kuma suna iya samun kansu cikin waɗanda suka sauƙaƙa zaman. Miliyan 5, wato mafi ƙarancin tarar, kuɗi ne da zai iya cinye ribar albasar manomi ta shekaru.

Tun zamanin tsohuwar doka, ƙa'idar ita ce baƙon da zai wuce wata uku sai ya mallaki takardar izinin zama. Hukumar da ke kula da wannan ita ce DST, sashen 'yan sandan ƙasa mai kula da shige da fice, wanda shi ne kuma ke yin fasfo. Ana neman takardar ne tun biza na da rai. Babbar hujjar da matar aure za ta gabatar a nan ita ce takardar aure ta hukuma, abin da yawancin aurarrakin karkara ba su da shi.

Daga ƙofar gida zuwa ma'aikatar magajin gari

Dokar Nijar ta amince da auren da aka ɗaura bisa al'ada da addini, kotuna ma al'adar ma'aurata suke bi a shari'ar aure da saki da gado. Abin da doka ke nema shi ne a kai rahoton auren a rubuta. Dokar rajistar al'umma mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yulin 2019 ta ba da kwana 60 a yi hakan, a cibiyar da ke ƙauye ko unguwa, ko a ma'aikatar magajin gari. Tun bayan rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilun 2024 kantomomi ne ke riƙe da kwamin-kwamin, amma ofishin rajistar na nan yana aiki. Wanda ya bari kwanakin suka wuce sai ya bi ta kotu, da shaidu, a yanke hukuncin da zai tsaya a madadin takardar. Ga mutumin Tsarnawa wannan na nufin zirga-zirga zuwa Birnin Ƙonni, alhali agogon biza na tafiya.

Ita amaryar, akwai abin da ya kamata ta taho da shi daga gida. Ofishin gundumar da take da rajista a Tailan, wanda suke kira amphoe, yana ba da takardar shaidar cewa ba ta da aure. Da wannan takarda da ta haihuwa duk da harshen Thai ake rubuta su, sai an fassara, ma'aikatar harkokin wajen Tailan ta buga hatimi. Ko da yake kundin da aka amince da shi a Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, har yanzu da Faransanci ake cika rajista, don haka fassarar Faransanci ce za ta yi amfani a teburin magatakarda. A kuma kula da yadda aka rubuta sunanta da haruffan boko. Sunayen Thai na da tsawo, kuma harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin fasfo da takardar aure ya isa ya tsayar da dosiye watanni.

Ta fuskar addini, liman zai yi nasa tambayoyin. Sama da kashi 90 cikin 100 na mutanen Tailan mabiya addinin Buddha ne, kuma a fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar Hausa ba a ɗaura wa Musulmi aure da wadda ba Musulma ko ma'abuciyar Littafi ba. In Musulma ce, kamar yawancin mutanen lardunan can ƙarshen kudancin ƙasar, sai maganar waliyyi ta taso: ko mahaifinta ya zo, ko ya wakilta wani. Iyayen Tailan su ma suna da nasu kuɗin aure da ango ke bai wa iyayen amarya, suna kiransa sin sod, kuma daban yake da sadakin da ke zama haƙƙin matar ita kanta.

Mai mata a gida

Wurin da dokokin ƙasashen biyu suka fi yin hannun riga shi ne yawan mata. A Tsarnawa, magidanci mai mace ɗaya ko biyu na iya ƙara aure, a rubuta masa ba tare da wata gardama ba. A Tailan, sashe na 1452 na kundin dokokin farar hula ya hana ɗaura aure ga wanda yake da wata mata ko wani miji, kuma auren da ya saɓa wa wannan sashe ɓatacce ne. Sashe na 1457 kuma ya ce aure ba ya tabbata sai an yi masa rajista, ma'ana ɗaurin aure a masallacin Bangkok kawai bai mai da mutum miji ba a idon hukuma. An ware larduna huɗu na kudu, Pattani da Yala da Narathiwat da Satun, inda wata doka ta 1946 ta ba da damar amfani da shari'ar Musulunci a sha'anin iyali da gado tsakanin Musulmi.

A ɗauka ɗan kasuwa ne mai uwargida da 'ya'ya a Tsarnawa, ya so ya yi rajistar sabon aure a Bangkok. Ofishin gunduma zai nemi shaidar cewa ba shi da mata. Bisa al'ada ofishin jakadancin ƙasar mutum a Bangkok ne ke ba da ita. Tunda Nijar ba ta da shi a can, sai ya taho da takardar rashin aure daga gida da hatimin ma'aikatar harkokin waje ta Yamai, a fassara ta zuwa harshen Thai, a tantance. To auren uwargida ba a taɓa rubuta shi ba. A rajista shi tuzuru ne, kuma jarabar ya karɓi takardar a matsayin wanda bai taɓa aure ba tana da ƙarfi.

Wanda ya yi haka ya cuci mata biyu a lokaci guda. Amarya ta shiga auren da kotun Tailan ke iya rushewa duk ranar da gaskiya ta bayyana, kuma yi wa jami'in gwamnati ƙarya laifi ne a dokar ƙasar. Uwargida kuma ta wayi gari mijinta na riƙe da takardar hukuma da ke cewa babu ita. Ranar rabon gado, dangi da liman sun san matsayinta, amma banki da ofishin jakadanci takarda suke karantawa, kuma takardar da ke akwai sunan wata ke ciki. Idan akwai wadda ya kamata a fara kai aurenta rajista a wannan gida, uwargida ce.

Idan kuma a Tsarnawa aka ɗaura, amarya ta shigo a matsayin ta biyu, auren ya inganta a Nijar, ta kuma iya neman izinin zama da shi. Sai dai ranar da aka so rubuta shi a Tailan, a takardar da suke kira Kor Ror 22 wadda ake shigar da auren da aka yi a waje, yana iya cin karo da sashe na 1452, domin ita har yanzu dokar ƙasarta na binta. Wani abin lura ga bazawara: dokar Tailan ta sa ta jira kwana 310 bayan mutuwar aure kafin ta sake wani, sai fa idan ta haihu a tsakani, ko likita ya shaida ba ta da ciki, ko kotu ta ba da izini. Iddarta na iya cika tun tuni, wa'adin hukuma bai cika ba.

Zama 'yar ƙasa

Dokar zama ɗan ƙasa ta Nijar ita ce mai lamba 84-33 ta 23 ga Agustan 1984. Gyaran da aka yi mata ranar 5 ga Nuwamban 2014, da doka mai lamba 2014-60, ya kawo abubuwa biyu: 'yar Nijar ma na iya bai wa mijinta baƙo damar zama ɗan ƙasa kamar yadda namiji ke bai wa matarsa, kuma an halatta riƙe ƙasa biyu.

Amma ba a ranar buki ake samu ba. Sai auren da aka ƙulla bisa doka ya kai shekara uku, ma'auratan na tare ba rabuwa, mai neman kuma ta yi shekara uku tana zaune a Nijar bisa ƙa'ida. Ana duba halinta, da abin da take rayuwa da shi, da yadda ta saje da jama'a, da kuma cewa ba ta da hannu a ta'addanci ko fataucin ƙwaya. Daga nan sai a ba ta ta hanyar dikiri. Kalmomin "bisa doka" da "bisa ƙa'ida" su ne gaɓar maganar. Matar da ta shekara goma a Tsarnawa, ta haifi 'ya'ya biyar, tana jin Hausa kamar a nan aka yanke mata cibiya, in ba ta da takardar aure da ta zama, ba ta da abin da za ta nuna cewa shekara ukun nan sun fara ƙirguwa. Duk da haka hanyar aure ta fi ta sauran baƙi sauƙi, su da ake neman shekara goma na zama.

'Ya'ya ba su da wannan jira. Ɗan da uba ko uwa ɗan Nijar ya haifa ɗan Nijar ne, kuma dokar Tailan na ɗaukar ɗan da 'yar ƙasarta ta haifa a matsayin ɗan ƙasa ko a ina aka haife shi. Abin da ake buƙata shi ne takardar haihuwa cikin kwana 60, sannan a kai rahoto ofishin jakadancin Tailan.

Idan mijin ne zai koma can

Ɗan Nijar ma sai da biza yake shiga Tailan, da katin rigakafin shawara. Tun Janairun 2025 ta intanet ake neman bizar, tun Mayun shekarar kuma ana cika katin isowa ta intanet kafin sauka. Mijin 'yar ƙasa na neman bizar da ake kira Non-Immigrant O, ta kwana 90, wadda ake iya tsawaitawa shekara-shekara a ofishin shige da fice. Sharaɗin kuɗi ne ke kayar da mutane: baht 400,000 a asusun bankin Tailan da sunansa, sun kwana wata biyu kafin ranar nema, ko kuma shaidar samun baht 40,000 kowane wata. A canjin 'yan watannin nan, wajen sefa miliyan 7 ke nan a ajiye, ko jaka 700 a wata. Yana kuma kai rahoton inda yake zaune duk kwana 90.

Bizar aure ba izinin aiki ba ce, wannan takarda ce daban. Talla da yawon sayar da kaya na cikin sana'o'in da aka keɓe wa 'yan ƙasa, baƙo kuma ba ya mallakar fili. Idan matar za ta sayi fili, mijin kan sa hannu cewa kuɗin nata ne ita kaɗai. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa yana biyan baht 500 kowace rana har zuwa 20,000, in ya haura kwana 90 kuma a hana shi dawowa na aƙalla shekara guda. Masu dillancin da ke alkawarin "bizar aure" a WhatsApp kafin a ga ko takarda ɗaya, ba wannan lissafi suke faɗa wa mutane ba.

Amaryar Illela fa?

Ga mafi yawan gidajen Tsarnawa da Malbaza, baƙuwar da ke ɗaki daga Illela ko Gwadabawa ko Sakkwato ta zo. Ita ba ta neman biza. A Disamban 2024 ƙasashen AES sun bayyana cewa 'yan ƙasashen CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba tare da biza ba, CEDEAO ita ma ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku har zuwa wani lokaci. Bambancin shi ne a da yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ce ke ɗaure kowa, yanzu kuwa sanarwa ce ta kowane ɓangare, kuma AES ta ajiye wa kanta ikon hana shigowar wanda ba ta so. Mutanen yankin sun ga yadda iyaka ke rufuwa dare ɗaya: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an datse hanyar Ƙonni zuwa Illela har Maris 2024, masu zuwa suna da ta'aziyya suka koma bin hanyoyin daji a kan babur.

Rashin buƙatar biza bai fitar da ita daga jerin baƙi ba. Dokar 2025 ba ta ware matar aure ba, kuma sharuɗɗan shekara uku na dokar 2014 iri ɗaya ne ga 'yar Sakkwato da 'yar Pattani. Abin da ya fi wuya a nata lamarin shi ne sau da yawa ba ta da takardar kowace ƙasa: ba katin Najeriya, ba na Nijar, ba takardar haihuwa. Irin wannan mata, in mijin ya rasu ko ya sake ta, ba ta da abin da za ta nuna a kowane gefen iyakar.

A ɗaya gefen ma lissafin bai daidaita ba. Sashe na 26 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai bai wa mijin 'yar Najeriya irin wannan dama ba. Ke nan 'yar Tsarnawa da aka kai Illela tana da ƙofa a buɗe idan tana da takardar aurenta, amma ɗan Tsarnawa da ya auri 'yar Illela ya zauna can yana sayar da albasa, sai ya bi doguwar hanyar sauran baƙi, wadda ke neman shekara 15 na zama.